Baƙon Gidan Jibo

Duk wanda ya san Ɗanliti ya san shi da abu guda, kunya. Ba irin ta 'yan zamani ba, wadda ake ɗauka da safe a ajiye kafin hantsi. Tasa ta gado ce, fulako ne tsantsa, irin wanda mutum zai kwana da yunwa a gidan surukai ga tuwo yana tururi a gabansa. A ƙauyensu, can kusa da Gidan Goga a ƙasar Maradun, in yaro ya cika rashin ta-ido sai a ce masa, "Kai dai je ka ga Ɗanliti ka koyi zama." Kuma kada wani ya ce muku ba ya jin daɗin wannan yabo. Yana ji, sosai ma kuwa.

To, 'yan bindiga suka zo suka kore shanu. Suka dawo suka ƙone rumbuna. Zuwan da suka sake yi ba su tarar da kowa ba, don gari ya watse. Ɗanliti ya faɗo Talata Mafara da matarsa Taibatu da yara da 'yan tukwane, ba shi da ko akuya. Jibo mahauci, wanda a da yake sayen bijimai a hannunsa ranar kasuwa, shi ya buɗe masa ɗakuna biyu a bayan gidansa, ya ce ya zauna har Allah ya kawo sauƙi. Duniya ke nan. Mutumin da Ɗanliti ke yi wa kallon mai surutu, mai cin abinci a tsaye a tsakiyar kasuwa, yau shi ne mai masaukinsa. Shi kuwa ya koma kara, kasuwar shanu, yana riƙe wa wasu igiya, yana duba haƙoran shanun da ba nasa ba. Garke ya tafi, gona ta tafi, gida ya tafi. Abin da ɓarayin ba su iya korawa ba shi ne fulakon nan, don haka ya rungume shi da hannu biyu.

Murja ita ce ɗiyarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka mayar mata. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya: ɗa ba ya kama sunan uwarsa, uba ba ya kama sunan ɗan fari. Tun ranar da liman ya raɗa sunan nan bai taɓa bi ta bakin Ɗanliti ba. Ana yaye ta, sai yayarsa, Goggo Maimunatu, ta ɗauke ta. Ita ta raine ta, ita ta sa ta boko, a can ma da sunan gari aka rubuta ta, Murjanatu Gidan Goga. Shekarar da aka gudu Goggo ta rasu. Sai ga budurwa 'yar ajin ƙarshe na sakandare ta dawo ƙarƙashin rufin ubanta, a ɗakunan aro da ko atishawa ka yi a ɗaya sai an yi maka addu'a daga ɗayan.

Suka iya zaman kuwa. In zai shigo sai ya yi gyaran murya, ita kuma ta ba da baya. Ta ajiye masa ruwan alwala ta wuce ba ta ɗago kai ba. In yana da magana da ita sai ya faɗa wa Taibatu, ko ya faɗa wa bango: "A ce wa masu karatu su matsa daga bakin ƙofa, akwai kunama." Yana sonta? Haba, wannan ma tambaya ce? Ranar da ya samu ɗan abin dillanci yakan sayo batirin tocila ya ajiye a kan katanga inda ya san za ta gani, in an tambaya ya ce ƙila yaran Jibo ne suka yar. Amma ya nuna a fili, sai dai bayan ransa.

Ana nan sai jarrabawar share fage ta jiha ta matso. Ita ce wadda duk 'yan ajin ƙarshe ke zaunawa lokaci guda, daga na Gusau har na ƙauyen ƙayau. Wanda ya ci, gwamnati ta biya masa Wayek da Neko. Wanda bai ci ba, ko bai zauna ba, iyayensa su ji da shi. A gidan Ɗanliti kuwa "iyaye su ji da shi" ma'anarsa karatu ya ƙare, duk furar da Goggo ta dama ta sayar don littafi da yunifom ta tafi a banza. Ba a sake ta sai baɗi, baɗi kuwa wa ya san inda za su kwana.

Makarantun ƙauyukan Maradun da na Bakura da aka rufe saboda tashin hankali, an ce ɗalibansu su hallara a wata sakandare a cikin Mafara. Sai dai malamansu sun warwatsu, wasu takardun sun ƙone, kuma kun san mutanenmu. Da aka ji an ce kyauta, sai ga waɗanda suka bar makaranta tun tuni, har da masu gemu, kowa ya zama ɗan gudun hijira. Don a tsame sojan gona aka ce duk ɗalibin da ya zo daga rufaffiyar makaranta ya taho da uba ko uwa ana gobe jarrabawa, a tantance shi, a ɗauke su hoto tare, a ba shi katin shiga. Ba kati, ba shiga.

"To wa za ya kai ta?" in ji Ɗanliti, yana kallon bakin ƙofa.

Taibatu ta dafe ƙirji. "Ni kaka nufi? In tsaya gaban maza in ce ga wadda na fara haihuwa? Malam, sai dai a binne ni."

Ya ce to, ya ji. A ransa ya ɗauka abin bai wuce a dangwala yatsa a takarda ba, a ce masa sannu, ya koma kara.

Ranar suka fita da hantsi, shi a gaba, ita can baya kamar hanya ce kawai ta haɗa su. Farida, ɗiyar Jibo, wadda ita dama a makarantar take kuma ba ta buƙatar tantancewa, ta rako ƙawarta. Zafin bazara ne, iska ko ganye ba ta kaɗawa. Filin makarantar ya cika maƙil, layi ya nannaɗe har bayan azuzuwa, kuma abin da Ɗanliti bai yi tsammani ba, rabin layin mutanen ƙasarsu ne. Ga tsoho Mamuda na ƙauyensu ya kawo jikansa maraya. Aka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina baƙunta, yaya muka ji da wannan zamani, har maƙogwaro ya bushe.

A kan teburin akwai wani matashin jami'i da aka turo daga Gusau, Malam Mujahid, riga ta jiƙe da gumi, murya ta dishe. Ba mugu ba ne, an dai gajiyar da shi ne. Tun safe yake kama iyayen haya. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya wa yara daban-daban a matsayin uba, duk zuwa sai ya sauya hula, har aka gane shi da tabon salansa a ƙafa. Daga nan Malam Mujahid ya ɗauki dabara: ya rufe takarda da tafin hannu, ya ce uba ya faɗi sunan ɗansa. Uban haya yakan manta, ko ya waiga yana neman a tuna masa.

Layi ya kawo kan Ɗanliti bayan azahar. Murja ta tsaya gefe, ta bar tazarar da raƙumi zai iya wucewa tsakaninsu.

"Baba, sannu da haƙuri. Wannan ɗiyarka ce?"

"Ta gidanmu ce."

"Ban tambaye ka gida ba. Kai ka haife ta?"

Ɗanliti ya gyara rawani. "Ai Allah ka bayarwa, Malam."

Malam Mujahid ya ɗora tafin hannu a kan takarda. "To, faɗi sunanta."

Ɗanliti ya ji surutun bayansa ya ɗauke, ya san duk ido ya dawo kansa. Tsoho Mamuda ya leƙo daga layi ya ce, "Malam, a yi mai uzuri. Ɗiyar fari ce, kuma sunan uwatai anka mayar mata."

"Baba, ni ma ba daga sama na faɗo ba," in ji Malam Mujahid. "Kakata har ta koma ga Allah ba ta kama sunan mahaifina ba. Amma yau duk wanda na kama da wannan yake fakewa, har ɗan kabu-kabun nan cewa ya yi kunyar ɗan fari yake ji. In na ɗaga wa mutum ɗaya, na ɗaga wa kowa." Ya dubi Ɗanliti, ya sassauta murya. "Ba sai kowa ya ji ba. Matso ka faɗa mini a kunne, sau ɗaya tak, in ba ta katinta ku tafi."

Ya miƙe tsaye, ya sunkuyo ta kan tebur, ya kawo kunnensa daf da bakin Ɗanliti.

Kai, Ɗanliti! Yaro ya taso daga kujerarsa ya miƙo maka kunne, me kuma kake so a yi maka, a goya ka? Amma shi ba kunnen yake gani ba. Mutanen bayansa yake gani ba tare da ya waiga ba. Ko ba su ji ba za su ga laɓɓansa sun motsa. Gobe a kara za a ce, ashe Ɗanliti ma ya faɗa, gudun hijira ya ci nasa fulakon. Abu ɗayan da ya rage masa ke nan a duniya, ya ajiye shi a kan teburin wani ɗan boko?

Ya ja da baya kaɗan, ya ce, "Ai shina nan rubuce ƙarƙashin hannunka."

Malam Mujahid ya koma ya zauna, ya share gumi. "To ku koma gefe. Ana kiran la'asar za mu tashi, wanda bai samu kati ba sai haƙuri. Na gaba!"

Ɗanliti ya ce wa iska zai je ya kama ruwa, ya fita ta ƙaramar ƙofa, ya zagaya bayan katanga ya tsuguna a gindin wata tsamiya. Dabararsa ita ce ya jira mutanen ƙauyensu su ragu, ya dawo ya raɗa abin ya huta. Ya gwada sunan a bakinsa. Laɓɓa suka haɗu, "Mu…", sauran ya maƙale, don fuskar mahaifiyarsa ce ta zo masa tana tatsar nono da sassafe. Ya sake gwadawa. Ya yi ta gwadawa kamar mai koyon karatu, har ya samu ya fito, siriri, ba wanda ya ji sai tsamiya. Ta wata ɓarakar katanga yana hango Murja. Tana tsaye inda ya bar ta, a cikin rana, ba ta nemi inuwa ba, ba ta zauna ba. Farida kuwa ba ya ganinta, bai kuma kawo komai a ransa ba.

Sai da inuwa ta fara tsawo, layi ya zama 'yan tsiraru, ya kakkaɓe riga ya koma. Tun daga nesa ya jiyo muryar da ya sani. Jibo ne a gaban tebur, ya taso daga mahauta ko hannu bai wanke da kyau ba, ga Farida tana haki a bayansa. Ashe gudu ta yi ta kira shi.

"Murjanatu sunanta!" Jibo ke faɗa, duk fili na ji. "Murja muka ce mata. Ɗiyata ce, gidana taka kwana, tukunyarmu ɗaya. Goggonta ta riƙe ta can Gidan Goga, Allah ya yi mata rasuwa, yarinya ta dawo gida. Rubuta Jibo, kowa ya san ni garin ga."

"Wanda ya kawo ta ɗazu fa?"

"Baƙona ne! Ina wurin yanka, ga sa kwance, na ce ya riƙa mini ya kawo ta. Mutumin kirki ne, magana ce dai ba ta dame shi ba."

Malam Mujahid ya ɗaga kai, ya hango Ɗanliti tsaye nan kusa, ya dawo da ido kan yarinyar. "Ke zan tambaya. Wancan mutumin, mene ne shi a wurinki?"

Murja ta juya ta dubi ubanta. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba sai ranar. Ba ta yi sauri ba. Ta tsaya tana jiransa, ta ba shi lokaci har jami'in ya fara buga biro a tebur. Sunan yana kan harshen Ɗanliti, wallahi yana nan, yanzun nan ya gama koyonsa. Amma tsoho Mamuda bai tafi ba, yana bakin baranda yana ɗaure wa jikansa kati a leda. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa. Ɗanliti ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa.

"Baƙonmu ne," in ji Murja.

Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Jibo ya goge hannu a jikin riga, ya gyara hula, ya tsaya kusa da ita aka ɗauke su hoto.

A bakin ƙofa tsoho Mamuda ya kamo hannun Ɗanliti da hannuwansa biyu yana girgizawa. "Madalla da kai! Wallahi ka fid da mu kunya. Na ce wa yara, ku duba, ko sun kwashe muna shanu ba su kwashe muna asali ba. Irinka sun ƙare, Ɗanliti." Da marinsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Ya ce, "Na gode," ya zare hannunsa, ya bi wata hanyar daban don kada ya haɗu da kowa.

Bayan magariba Jibo ya zagayo bayan gida, ya cire takalmi ya tsuguna a gefen tabarma, abin da bai saba yi ba. Yau surutun ya ƙaurace masa.

"Malam, ka yi mini gafara. Na ga rana na faɗuwa, na ga yarinya tsaye, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ba don in ci maka fuska na yi ba."

"Ka kyauta," in ji Ɗanliti. "Allah shi saka."

"Amma kai ma, don Allah! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya ga fuskar mutumin, ya haɗiye sauran maganar, ya ɗauki takalmansa.

Taibatu ta kawo tuwo ta dire da ƙarfi har miya ta fantsama. Ta juya za ta tafi, ta tsaya. "Ni na ji kunya, kai ka ji kunya, ita ta sha rana." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma bai san ko shi take zagi ko kanta ba.

Bai taɓa tuwon ba. Ta bayan labule yana jiyo 'yan matan suna bitar karatu, sai Farida ta ƙyalƙyale da dariya. "Ke, dubi hoton nan! Wallahi har kun yi kama da Baba, dubi goshin." Ya kasa kunne ya ji abin da Murja za ta ce. Ƙarar buɗe shafi kawai ya ji. Da kuka ta yi, ko ta yi fushi ta ƙi kawo masa ruwa, da ya samu abin riƙewa. Amma lokacin isha na yi sai ga buta a inda ta saba ajiyewa. A nan ne kunya ta gaske ta kama shi, wadda ba a yabon mutum a kanta. Ya ji ƙyamar kansa, ya ji ƙyamar rawanin da ke kansa. Yarinya ta tsaya a gaban jama'a ta nemi uba, yana tsaye a wurin da ransa da lafiyarsa, sai da mahauci ya baro sa a kwance ya zo ya ara mata.

Da asuba, yana sallame salla, ya yanke shawara. Zai je ya gyara. Zai tsaya a gaban jami'in nan da duk wanda ke wurin ya kama sunanta da ƙarfi, ya ce shi ya haife ta, a cire hoton Jibo a sa nasa, Mamuda ya ce abin da zai ce. Da ya shawarci Jibo, ko Taibatu, da sun riƙe masa riga. Amma ina! Mutumin da bai saba faɗin abin da ke ransa ba, ranar da ya tashi faɗa ma ba ya shawara. Ya bari yaran suka fita, ya ɗauko rigarsa ta Juma'a, wadda ita kaɗai ta tsira daga gobarar, ya bi bayansu.

Ƙofar makarantar ta cika. Iyaye sun taru a wata rumfa da aka kafa musu daga ciki, ɗalibai sun yi layi, 'yan mata daban, samari daban. Malam Mujahid na bakin ƙofar zauren jarrabawa da wasu jami'ai biyu, ana karɓar kati, a dubi hoto, a dubi fuska, a ce wuce. Ɗanliti ya kutsa. Ya hango farin hijabinta daf da gaba, ta miƙa katinta ke nan.

"Murja!"

Muryar ta fito a tsage, shi kansa bai gane ta ba. Ya sake cika ƙirji.

"Murjanatu!"

Layi ya waiga, rumfar iyaye ta waiga. Ita ma ta waiga. Duk hanya yana ta zana yadda fuskarta za ta yi in ta ji, ko ta yi murmushi, ko ta rufe fuska da hijabi. Abin da ya gani tsoro ne tsagwaronsa. Idanunta suka fito, ta girgiza masa kai a hankali. Bai fahimta ba, ya ƙarasa gaban jami'an yana haki.

"Malam, na zo in gyara maganar jiya. Yarinyar ga…"

"Dakata, Baba." Malam Mujahid ya ɗaga hannu, katin Murja na tsakanin yatsunsa. "Dakata ka ji ni kafin ka ƙarasa. Jiya mutum ya tsaya a gabana ya ce shi ne ubanta. Ita ma da bakinta ta ce kai baƙo ne. A kan haka na sa hannu. In yanzu ka ce mini ba haka ba ne, to ƙarya aka yi wa hukuma, kuma ƙa'ida ce in riƙe katin nan, ba za ta shiga ba. Ga abokan aikina suna ji, ba ni kaɗai ba ne." Ya yi masa kallon wanda ya san komai tun jiya. "Ba na son in yi haka. Zan tambaye ka sau ɗaya, ka yi tunani kafin ka amsa."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Ɗanliti. Garin neman gira zai rasa ido. Jiya ana roƙonsa gaskiya a kunne ya hana, yau ya kawo ta da ƙarfi a bainar jama'a, ita ce kuma za ta kashe yarinyar.

"Wannan yarinyar ɗiyarka ce?"

Ya dube ta. Bai taɓa samun damar kallonta da kyau ba, sai yanzu da ba shi da ikon cewa komai. Goshin ba na Jibo ba ne, na mahaifiyarsa ne sak, har da ɗan tabon gira. Ta damƙe biro da fensir a hannu ɗaya. Ba ta roƙe shi da baki ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. A rumfa ya hango tsoho Mamuda ya miƙe tsaye, baki buɗe. Yau ko a jikin Ɗanliti.

"A'a," in ji Ɗanliti. "Ba ɗiyata ba ce."

Ɗaya daga cikin jami'an, wani mai furfura da tabarau, ya ce, "Ɗaga murya, ba mu ji ba. Ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar Jibo ce, mahauci. Ni baƙonsu ne."

"To me ya kawo ka kana ƙwala wa 'yar mutane kira a wurin jarrabawa?"

"Na zo in ce mata Allah shi ba da sa'a."

Malam Mujahid bai ƙara kallonsa ba. Ya miƙa wa Murja katinta ya ce, "Wuce." Ta karɓa da hannu biyu. Ta ɗan tsaya kamar za ta yi magana, laɓɓanta suka motsa, na bayanta ta tura ta, ta shige. Ya bi farin hijabin da ido har ya ɓace a cikin sauran fararen hijabai. Layi ya ci gaba da tafiya, aka gama, aka ja ƙofar zauren aka rufe.

Ya juya, ƙafafunsa suka nufi rumfa da kansu, don rana ta fara zafi kuma yana so ya zauna inda zai ga fitowarta. Maigadin makarantar, wanda ya ji duk abin da aka yi, ya tare shi da sanda, ba da faɗa ba.

"Baba, yi haƙuri. Rumfar ga ta masu 'ya'ya ciki ce. Wanda ba shi da kowa an ce ya koma waje."

Ɗanliti ya ce, "Gaskiya ne." Ya tattare rigarsa ta Juma'a ya fita, ya tsallaka titi, ya tsaya a cikin rana yana kallon katanga.